Sunan Yanka a Jimlar Ingilishi: Inda Ɗalibin Hausa Yake Tuntuɓe



Duk wanda ya ratsa firamare a Najeriya ya haddace bayanin nan: suna iri biyu ne, akwai gama-gari, akwai na yanka. Na yanka shi ne sunan mutum ko gari ko wani abu takamaimai, kuma da babban baƙi ake fara rubuta shi. Daga nan sai malam ya rufe babi, ya wuce wakilin suna. Bayanin gaskiya ne, amma bai isa guzuri ba. Yaron da ya iya sa wa Kano babban baƙi, shi ne dai zai rubuta maka "Musa he went to the Kano", kuma da wannan jimla zai shiga jarrabawar WAEC, inda rashin kiredit a Ingilishi ke hana shi shiga jami'a.

Abin da nake son in tabbatar a wannan takarda shi ne, yawancin kurakuran da 'ya'yanmu suke yi da sunan yanka ba daga rashin basira suke ba. Lafiyayyen nahawun Hausa suke ɗauka, su zuba shi a jimlar da ba tasa ba. Saboda haka ƙarin hadda ba zai warkar ba. Sai an jera harsunan biyu a allo, ɗalibi ya ga da idonsa inda suka rabu.

Babban baƙi

Ba zan daɗe a nan ba, don shi ne ɓangaren da aka fi koyarwa. Ingilishi yana ɗaukar ranakun mako, da watanni, da harsuna, da addinai, da bukukuwa a matsayin sunayen yanka: "Friday", "March", "Hausa", "Islam", "Christmas". Amma sunayen yanayin shekara irin su "winter" ko "harmattan" da ƙaramin baƙi suke. Wannan al'ada ce ta rubutu, ba hukuncin hankali ba, domin Faransanci yana rubuta ranaku da watanni da sunan harshe da ƙaramin baƙi. Ke nan ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya fara da Faransanci sai an faɗa masa wannan a fili. Haka wanda ya fara da allo, tunda Larabci da ajami ba su san babban baƙi da ƙarami ba sam. Ingilishin ma bai zauna a kan tsarin yanzu ba sai daga baya. Wanda ya duba kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 zai ga kusan kowane suna, har gama-gari, an ɗaga masa baƙin farko, kamar yadda Jamusanci yake yi har gobe.

Kalmar "the"

A nan ne aikin yake. Asalin ƙa'idar ita ce, sunan yanka ya riga ya fayyace mai shi, don haka ba ya buƙatar "the". Sunan mutum, da gari, da jiha, da nahiya, da yawancin ƙasashe, duk tsirara suke zuwa: "Amina lives in Katsina", "Ghana is in Africa". Matsalar ita ce akwai rukunan sunaye da ba sa rabuwa da kalmar. Koguna suna ɗaukarta: "the Benue", "the Nile". Haka tekuna da hamada: "the Atlantic", "the Red Sea", "the Sahara". Haka jerin duwatsu, "the Alps", da ƙasashen da sunansu jam'i ne ko yake ɗauke da suna gama-gari a ciki: "the Philippines", "the Netherlands", "the United States", "the United Kingdom". Amma tafki ba ya ɗauka, dutse guda ɗaya ma ba ya ɗauka: "Lake Chad", "Mount Kilimanjaro".

Misali mafi kusa da mu yana bakin ƙofarmu. In aka ce "in Niger", ƙasa ake nufi, ko jihar Neja. In aka ce "in the Niger", to cikin ruwan kogin Kwara ake magana. Baƙaƙe uku ne suka raba zama a gari da nutso a ruwa. Malamin da ya rubuta waɗannan jimloli biyu a allo ya koyar da abin da shafi guda na ƙa'idoji ba zai koyar ba.

Sunayen makarantu ma suna da nasu tsarin, kuma mai sauƙi ne. In sunan ya fara da suna gama-gari, "of" ta biyo baya, to "the" tana gaba: "the University of Ibadan", "the University of Maiduguri". In ya fara da sunan mutum, babu ita: "Ahmadu Bello University", "Bayero University". Sarauta haka take. Za a ce "the Sultan of Sokoto", "the Emir of Kano", amma da zarar laƙabin ya manne da sunan mutum sai kalmar ta faɗi: "Emir Ado Bayero", "President Shagari".

Ya kamata ɗalibi ya san cewa wani lokaci wannan 'yar kalma tana ɗauke da siyasa. Tun bayan da Yukren ta sami 'yanci a 1991, mutanenta suka nemi a daina cewa "the Ukraine", domin a kunnensu kalmar tana mai da ƙasarsu wani yanki na wata daula. Jaridun Ingilishi sun bi. Gambiya kuwa riƙe tata ta yi, a hukumance sunanta "The Gambia", kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da gudun a rikita ta da Zambiya, wadda ta sami 'yanci a 1964, shekara guda kafin ita. Tsofaffin littattafai suna rubuta "the Sudan", yau kuwa "Sudan" ake cewa a magana ta yau da kullum.

To daga ina "the Musa" da "the Kano" suke fito wa yaranmu? A ganina daga madanganci. Bahaushe yana liƙa wa sunan yanka -n ko -r ba tare da wata damuwa ba, in an riga an ambaci mai sunan: "Musan ya zo?", "Ina Bintar?", "Kanon ma ban je ba." An gaya wa yaro cewa madanganci shi ne takwaran "the", shi kuwa sai ya bi abin da aka gaya masa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, Ingilishi ba ya yarda da wannan sai in wani bayani ya biyo baya yana ware mai sunan daga wasu. "Kanon da na sani ina yaro" daidai take da "the Kano I knew as a child". "Musan da ke sayar da yadi" daidai take da "the Musa who sells cloth". A nan harsunan biyu sun haɗu. Amma "Musan ya zo?" ba ta da wata hanya sai "Has Musa come?" Haka nan "wani" yana da takwara: "A Mr Johnson came to see you" tana nufin wani Mista Johnson ne ya zo, wanda mai maganar bai san shi ba.

Suna da abin da ke biye da shi

Jimlar Hausa mai aikatau ba ta tsayuwa sai da zagin aikatau. Ba ma cewa "Musa tafi", sai "Musa ya tafi", "Ladi ta dawo". Wannan "ya" da "ta" su ne yaro yake juyawa su zama "Musa he went", "Ladi she returned". A Ingilishi sunan yanka shi kaɗai ya cika gurbin mai aikatawa, ƙara masa wakilin suna maimaici ne. Ban ga amfanin jan layi da jan biro a ƙarƙashin "he" ba tare da an nuna wa yaro daga inda ta fito ba, domin a ransa jimlar gurguwa ce in babu ita.

Jinsi ma haka. A Hausa sunayen garuruwa da ƙasashe duk mata ne: Kano ta cika, Najeriya ta ci wasa. Ingilishin yau "it" yake ce musu. Tsofaffin marubuta sukan ce wa ƙasa ko jirgin ruwa "she", amma wannan ya ja baya. Sannan ƙasa guda ce ko da sunanta jam'i ne: "The United States is", ba "are" ba. Sunan ƙungiya kuwa, kamar ta ƙwallo, Ingilishin Ingila yakan ɗauke shi jam'i: "Kano Pillars are playing today".

Mallaka tana juya tsari. Mu abin mallaka muke gabatarwa, "littafin Musa". Su mai abu suke gabatarwa, "Musa's book". Inda ake kokawa shi ne sunan da ya ƙare da "s", kuma muna da su da yawa: Idris, Yunus, Abbas, Bilkis. Ɗan littafin salon rubutu na William Strunk, wanda ya fara fitowa a 1918, da wannan batu ya buɗe ƙa'idojinsa, kuma ya zaɓi a ƙara cikakkiyar alamar: "Idris's car". Wasu gidajen jarida suna tsayawa a "Idris' car". Turawan ma ba su daidaita ba: akwai "St James's Park" a Landan, akwai filin ƙwallo "St James' Park" a Newcastle. Ni ina ba da shawarar ta farko, domin ita ce ta dace da yadda ake furtawa.

Sai kuma "su". "Su Musa sun zo" tana nufin Musa da waɗanda ke tare da shi. "The Musas" ba haka take nufi ba. Ko dai mutane ne da yawa masu suna Musa, ko iyalin da Musa ne sunan gidansu, kamar "the Kennedys" ko "the Dantatas". Mai son ma'anar "su Musa" sai ya ce "Musa and the others".

Laƙabi da sunan gida

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin illarsa ba ta tsaya a aji ba. A wurinmu girmamawa da sunan mutum na kansa take tafiya: Malam Aminu, Alhaji Sani, Hajiya Gambo, Dakta Bashir. A Ingilishi "Mr", "Mrs", "Dr" da "Professor" da sunan gida suke tafiya, ko da cikakken suna. "Mr John" a kunnen Bature kamar maganar yaro take. Laƙabin da ya yi kama da namu shi ne "Sir", wanda ke bin sunan farko: "Sir Ahmadu", "Sir Abubakar", "Sir Kashim". Ba a cewa "Sir Bello".

Amma Bahaushe yana da sunan gida irin nasu? A asali babu. Mutum yana da sunansa, sai na mahaifinsa, wani lokaci sai na garinsu ko sana'ar gidansu. Tafawa Balewa gari ne a jihar Bauchi, Shagari gari ne a jihar Sakkwato, Kano ɗin Malam Aminu kuwa ba sai an faɗa ba. Idan jaridar waje ta rubuta "Balewa" kawai, rabin sunan gari ta kira. Idan aka kira mutum "Mr Ibrahim" alhali Ibrahim mahaifinsa ne, an kira shi da sunan da shi kansa yake jin nauyin furtawa. Mace kuwa, wadda al'adarmu da addininmu suka jingina ga mahaifinta, sai a wayi gari ta koma "Mrs" wane, kamar nahawu ne ya wajabta. Bai wajabta ba. Al'adar Turawa ce, kuma su ma tun shekarun 1970 suka yawaita amfani da "Ms", wadda ba ruwanta da aure.

Kada a ce Ingilishi ba ya lanƙwasuwa. Mutanen Habasha ma ba su da sunan gida, sunan uba suke bi kamar mu, kuma kafofin labarai na Ingilishi sun koyi kiran firaministansu Abiy Ahmed "Mr Abiy", da sunansa na kansa. A Sin sunan gida ne a farko, don haka Xi Jinping "Mr Xi" ne. A 2022 Turkiyya ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi "Türkiye". Inda masu suna suka san tsarinsu kuma suka bayyana shi, Ingilishi yana bi. Mu ne ba mu bayyana namu ba.

Sakamakon haka kowa ya gan shi. Fom yana tambayar "surname" da "first name", babu wanda ya yi wa yaro bayani. A takardar firamare ya sa sunan uba, a ta sakandare ya sa na kaka, a katin ɗan ƙasa ya sa na gari, a banki kuma aka juya tsarin. Ranar da za a haɗa takardun nan, wajen neman jami'a ko fasfo ko aiki, sai su nuna mutum uku, a koma neman takardar rantsuwa a kotu. Darasi ɗaya a aji shida na firamare ya isa ya hana wannan wahala.

Roƙona ga malaman Ingilishi shi ne kada su ji kunyar rubuta jimlar Hausa a allo kusa da ta Ingilishi. Minti biyar na kwatance ya fi mako guda na gyara. Masu rubuta littattafan makaranta su kawo misali daga Neja da Kwara da tafkin Chadi, da Idris da Bilkis, maimakon sunayen da yaro bai taɓa ji ba. Shugabannin makarantu kuwa, kafin a yi wa ɗalibi rajistar jarrabawarsa ta farko, a zauna da shi da iyayensa a tsayar da sunan da zai riƙa sawa a gurbin "surname", a rubuta masa shi yadda ake so ya zauna a duk takardunsa.