Hannu Ya Fi Sanda: Jawabi Ga Masu Bisashe

 

Yau maganarmu ta shafi bisashen gida: shanun noma, saniyar tatsa, jaki, doki, har da kare da mussa. Da yawanmu, in bisa ta yi gardama, sanda muke ɗauka. Sanda kuwa tsoro take sa ma bisa. Bisar da ta tsorata ita ke harbi, ita ke tunkuyi, ita ke tsinke igiya ta gudu da amalanke. Hasara ta mai ita ce. Wani lokacin yaron da ke gaban shanu ne ke jin ciwo.

Ku duba saniya. Nono ba ya sauka sai ta natsu. In maraƙi ya kama hantsa, jikin uwar yana sakin wani sinadari cikin jini. Cikin minti ɗaya ko biyu sinadarin ya turo nono. In an doke ta, ko an daka mata tsawa, tsoro ya tare aikin sinadarin, sai ta riƙe nononta. Ko saniyar Azawak ce, irin wadda ake kiwo a Tukunus, in ta tsorata ƙwarya ba ta cika. Saboda haka kafin tatsa a shafa mata wuya, a yi mata magana sannu, a bar maraƙi kusa da ita.

Bisashe da kansu sun nuna muna hanya. Saniya tana lasar ƴar'uwarta a wuya. Dawaki biyu suna sosa ma juna gindin wuya, inda geza ta ƙare. A shekara ta 1993 masana a ƙasar Faransa sun gwada wannan. Sun sosa ma dawaki daidai wurin nan, sai suka ga bugun zuciyarsu ya ragu. Ke nan hankalinsu ya kwanta.

To, ga yadda za mu yi.

Na ɗaya: kada ka zo ma bisa ta baya. Sa da doki da jaki ba su ganin abin da ke daidai bayansu. Ka zo ta gefe, wajen kafaɗa, kana magana don ta san kai ne.

Na biyu: ka fara da wuya da kafaɗa. Ka aza tahin hannu, ka shafa sannu, ka bi yadda gashi ya kwanta. In ta saba, ka riƙa murza fata da yatsu, kana zagayawa kaɗan kaɗan.

Na uku: ka lura da amsar da take ba ka. In ta sauke kai, ta miƙa wuya, ta lumshe ido, ta ji daɗi. In ta maida kunnuwa baya, ko tana kaɗa wutsiya da ƙarhi, ka dakata. Gobe ma rana ce.

Na huɗu: kullum ka yi, ko da minti 5 ne, sahe ko marece. Sannu sannu ka kai ga baya, da ciki, da ƙafahu. Jakin da ya saba a ɗaga mashi ƙafa ba ya wahalar da kai ran da ƙaya ta shiga kofato. Maraƙin da ya saba da hannu a wuya ba ya ƙin karkiya in ya girma.

Amma a kiyaye abu guda. Kada yara su riƙa wasa da goshin ɗan rago ko na ɗan maraƙi suna tura shi. Tunkuyi suke koya mashi. In ya girma, wasan ya zama faɗa.

Kare yana son a shafa mashi ƙirji da gindin kunne. Kada a tsallako da hannu ta bisa kansa. Mussa tana son kumatu da ƙarƙashin haɓa, amma yawancinsu ba su son a taɓa masu ciki. Kada a taɓa kare yana cin abinci, ko karya mai ƴaƴa. Karen da ba ku sani ba, ko wanda halinsa ya sake rana ɗaya, yana dalala yana cizon kome, ku nisance shi. Yana iya zama ciwon haukan kare, ciwo mai kisa. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya tahi gidan likita ranar nan.

Hannu yana da wani anfani kuma. Mai shafa bisarsa kullum shi ke fara ganin kaska, da kumburi, da mikin akumari, da zahin jiki. Bisa mai haƙuri in ta ƙi yarda a taɓa mata wani wuri, ba taurin kai ba ne, wurin ke yi mata ciwo. Shafa ba ta warkar da cuta. A kai ta wurin malamin dabbobi, kuma kada a bar allurar rigakahi ta wuce.

Ƴan'uwa, wannan aiki ba ya cin ko dala. Kowa ya zaɓi bisa guda wadda ta fi gardama a gidansa. Ya aje sanda, ya gwada hannu har wata ɗaya. Sa'an nan ya zo makarantar yaƙi da jahilci ya faɗa ma sauran abin da ya gani.

Allah shi ba mu lahiya, mu da bisashenmu.