Neman Gafara Bayan Kora Daga Fagen Wasa



Mu da muka tashi a ƙasar Zuru mun san fagen kokawa na lokacin Uhola. Wanda ya yi ha'inci a can ba shi da maɓoya, domin an san gidansu, an san gonar da yake golmo. Dole ya fuskanci manya da fuskarsa.

To, yau fagenmu ya koma cikin wayar hannu. Tun fitowar PUBG Mobile a 2018 dare ya zame mana rana. Kamfanin yakan rufe asusun mai maguɗi har shekara 10, ƙungiyoyin 'yan wasa kuwa sukan kori mai ashar nan take. Abin da ya dame mu shi ne abin da kan biyo bayan korar. Da yawanmu sai mu laƙaba wa kanmu sabon suna, mu lallaɓo kamar baƙi. Wanda muka zagi mahaifiyarsa yana nan bai manta ba, illa dai bai san da wa yake wasa ba.

Masu daurewa su rubuta ban haƙuri ma sukan ɓata shi da cewa, “in har na saɓa wa wani.” Haba jama'a, ina “in har” a nan? Mu ambaci laifin da sunansa. Mu nemi wanda muka cuta shi kaɗai kafin shugabannin ƙungiya, sa'an nan mu dakata. In sun ce sai bayan wata 3, mu ƙirga watannin nan cif, mu dawo da tsohon sunanmu.