Na'ura Mai Rubutu a Ofis: Karanta Mini In Ji

   Uwargida, in kina tsakiyar aiki ne, ki rage wutar murhu kaɗan ki matso kusa da rediyo, domin zancenmu na yau a ofis ya samo asali, amma ƙarshensa a tsakar gidanki yake sauka.

Bari in fara da wani abin da na tuna. Lokacin da nake 'yar firamare, ni ce mai rubuta wa matan layinmu wasiƙa. Da na dawo daga makaranta sai a aiko, wai in zo in ji Iya. In je in tarar an shimfiɗa mini tabarma, an yago takarda daga tsakiyar littafi. Ita tana faɗa ina rubutawa: gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, bayan haka, ina sanar da kai kaza da kaza. Akwai wata tsohuwa da ɗanta yake aiki a Legas. Ita ba ta taɓa bari a liƙe ambulan ba sai ta ce, "Tsaya tukuna 'yar nan, karanta mini in ji." Wata rana na ga maganarta ta yi tsauri, sai na ɗan sassauta, na ƙara da cewa tana nan lafiya lau. Da na karanto sai ta ɗaga hannu ta ce, "Yaushe na ce miki lafiyata lau? Ai ciwon ƙafar nan ne ya sa na kira ki. Goge." Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ta san wasiƙar tata ce, ba tawa ba. Ku riƙe maganar tsohuwar nan, za mu dawo kanta.

To, yau a ofisoshi an samu sabon mai rubuta wasiƙa, kuma ba mutum ba ne. Wata fasaha ce da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda za ku ji 'yan boko suna ce mata AI. A cikin kwamfuta take aiki, ko a cikin wayar hannu. Mutum zai rubuta mata cewa, "Rubuta mini takardar neman hutu zuwa ga shugabana," kafin ya kai kofin shayi baki ta zubo masa takarda tsaf, da gaisuwa da rufewa. Wadda ta fara yin tashe sunanta ChatGPT, wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da ita ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Cikin wata biyu kacal aka ƙiyasta masu amfani da ita sun kai miliyan 100. Daga nan sauran kamfanoni suka biyo baya. Microsoft ya saka tasa mai suna Copilot a cikin manhajojin da ake buga takardu da su a ofis, Google ya fito da Gemini, sannan a 2024 kamfanin Meta ya kawo tasa cikin WhatsApp a ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Ghana. Kin ga ke nan ba sai an je ofis ba, mai yiwuwa tana nan cikin wayar da ke hannunki.

Yaya aka yi na'ura ta iya rubutu? Ba aljani ba ne, ba kuma tsafi ba ne. Bari in gwada ki. In na ce, "Komai nisan jifa," me za ki ce? Na san kin riga kin ƙarasa: ƙasa zai faɗo. Ba sai kin tsaya tunani ba, saboda kin ji shi sau ba adadi. To haka ita ma take. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, littattafai da jaridu da abin da mutane suka zuba a intanet, har ta gane wace kalma ce ta saba bin wace. In aka ba ta aiki, sai ta yi ta jero kalma bayan kalma, tana zaɓen wadda ta fi dacewa ta biyo baya. Abin da ta ƙware a kai shi ne tsara magana ta yi daɗin ji. Amma magana ta yi daɗin ji daban, ta zama gaskiya daban, kuma duk matsalar da za mu ambata yau daga nan ta taso.

Kafin mu je can, a faɗi alherinta, don ba a ƙin gaskiya. A 2023 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada ma'aikata 453. Suka ba su irin rubutun da ake yi a ofis, wasiƙu da gajerun rahotanni da sanarwa, rabinsu da taimakon ChatGPT, rabi kuwa da kansu. Waɗanda na'urar ta taimaka wa sun rage kashi 40 cikin 100 na lokacin da aikin yake ci, kuma masu duba aikin sun ga ya ƙara kyau da kashi 18 cikin 100. Waɗanda suka fi cin moriya su ne masu raunin rubutu tun asali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Sau nawa yaro mai ƙwaƙwalwa da riƙon amana yake rasa aiki don kawai Turancinsa bai nuna ba? Sau nawa maigida yake kai dare a ofis kan rahoto guda? In ya samu mai taimako ya dawo gida kafin magariba, ai ke ma kin ƙaru.

Sai dai kuma, 'yar uwa, ke da kike cikin gida kin fi kowa sanin halin ɗan aike. Cefanenki, cinikin ƙosanki, saƙonki zuwa gidan suna, duk a hannun yaro suke. Kin san akwai yaron da in ya manta saƙo zai dawo ya ce, "Na manta." Akwai kuma mai bakin nan, wanda ba ya taɓa cewa bai sani ba. In ya manta sai ya ƙago nasa, ya faɗe shi da ƙarfin zuciya har ki rantse haka aka ce. To na'urar nan ta fi kama da yaro na biyu.

Ga misali wanda ya faru a gaban alƙali. A 2022, a birnin New York na Amurka, wani mutum ya kai ƙarar kamfanin jirgin sama na Avianca, ya ce keken raba abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi. Lauyansa, wanda ya yi kusan shekara 30 yana aiki, ya sa ChatGPT ta nemo masa tsofaffin shari'u da zai kafa hujja da su. Ta kawo masa, da sunaye da lambobi da kalaman alƙalai. Har ya tambaye ta, "Anya waɗannan na gaske ne?" Ta ce masa ƙwarai kuwa. Da aka bincika sai aka tarar shari'u 6 daga ciki ba a taɓa yin su ba a duniya, ƙago su ta yi. A watan Yuni na 2023 alƙali ya ci lauyoyin da ofishinsu tarar dala 5,000. Ku lura da kyau, ba na'ura aka ci tara ba. Wanda ya sa hannu shi ya sha kunya, kuma kunyar ta fi kuɗin ciwo, don duniya duka ta ji.

Haka aka yi a Kanada. Wani mutum kakarsa ta rasu, ya shiga shafin kamfanin Air Canada don ya sayi tikitin zuwa jana'iza. Na'urar da ke amsa wa abokan ciniki tambaya ta rubuta masa cewa ya biya cikakken kuɗi, daga baya ya nemi rangwamen da ake yi wa masu rashi. Da ya nema sai kamfani ya ce ba haka dokarsa take ba, har ya yi ƙoƙarin cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta. A watan Fabrairu na 2024 kotun sauraron ƙananan ƙararraki ta ce a'a, ɗan aikenka bakinka ne, ku biya shi. Mu ma ai haka muka sani tun kaka da kakanni: in yaronki ya fasa wa mutane tulu, ƙofarki za a buga.

Abu na biyu shi ne sirri. Duk abin da aka rubuta wa na'urar nan, ba a cikin wayar yake tsayawa ba, yana tafiya can cikin manyan kwamfutocin kamfanin da ya yi ta. A 2023 wasu ma'aikatan kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu sun zuba mata bayanan sirri na aikinsu don ta gyara musu, har da abin da aka tattauna a wani taro. Da abin ya fito, a watan Mayu kamfanin ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan na'urori a kwamfutocin aiki. To ki auna da namu. Mijinki ma'aikacin asibiti ne, ko na banki, ko malamin makaranta, ko magatakardan kotu. Sunayen marasa lafiya, lambobin asusun mutane, takardun saki da na gado, duk amana ce a wuyansa. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, amma tun kafin doka mun san hukuncin mai tona asirin da aka ba shi ajiya. In kin ga hira ta yi daɗi bayan an ci tuwo, ki ɗan jefa masa tambaya cikin ladabi: "Maigida, ni kuwa abin nan da kuke rubutu da shi, ana saka masa sunayen mutane?" Tambaya ɗaya daga bakin uwargida takan yi aikin da takardar gargaɗi goma ba ta yi ba.

Abu na uku, harshenmu. Yawancin abin da aka ɗura wa na'urorin nan Turanci ne, Hausar da ke intanet kuwa kaɗan ce in aka kwatanta. Shi ya sa in ta yi Hausa wani lokaci za ki ji kamar Turanci ne aka sa wa zane da kallabi. Takan kuma yi tuntuɓe a kan baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ke kin san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi, ko kura da ƙura. In aka rubuta wa mutum cewa kura ta shigo masa ɗaki alhali ƙura ake nufi, ai sai ya kwana a waje. Ke da kike sayar da turaren wuta ko alkaki ko ɗinki daga cikin gida, in 'yarki ta sa na'ura ta tsara miki tallar da za a tura wa mata a WhatsApp, babu laifi. Amma ki sa a karanta miki. Kada ta rubuta farashin da ba ki faɗa ba, ko ta yi wa kayanki kirarin da ba su kai ba, ki wayi gari an ce kin yi algus.

Na san akwai iyayen da hankalinsu ya tashi. Wata za ta ce, "Na sayar da akuyata na sa 'yata ta koyi buga takarda a kwamfuta, yanzu kuma an ce na'ura ta karɓe aikin?" Damuwarki tana kan hanya, ba kuma ke kaɗai ba ce. Ko a Amurka, marubutan fina-finai na Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, kuma cikin abin da suka nema har da a yi wa na'urar nan iyaka a sana'arsu. Ba zan ɓoye miki ba, aikin da bai wuce kwafe takarda da jera gaisuwa ba, yana cikin wanda na'ura ta fi saurin yi. Amma ofis yana nan yana neman wanda zai duba ya ce, "Wannan adadin ba daidai ba ne, wannan sunan ba haka ake rubuta shi ba, wannan maganar za ta ɓata wa mai karɓa rai." Wanda zai iya wannan kuwa sai wanda ya iya karatu da rubutu da kansa. Wanda bai san ɗanɗanon miya ba, ba ya gane an cika mata gishiri.

Saboda haka ga inda aikinki yake, uwargida. In kin ga yaro ya gama aikin gida na makaranta cikin ƙiftawar ido, takarda ta cika fal da Turanci mai santsi, kada ki yi saurin sa albarka. Ki ce ya ajiye wayar, ya zauna a gabanki ya faɗa miki da Hausa abin da ya rubuta. Ko ba ki yi boko ba za ki gane, don wanda ya san abu bakinsa ba ya rawa. In ya kasa, to ba shi ya yi ba, kuma kansa ya cuta. Yaron da ya saba a yi masa tunani tun yana aji uku, ranar da ya zauna a kujerar ofis ba zai iya kama kuskuren na'ura ba, sai dai ya sa hannu a kai, kamar lauyan can na New York. 'Ya'ya mata ma kada a bar su a baya. A bar su su koyi aiki da ita, amma bayan sun iya riƙe alƙalami da kansu.

Akwai kuma rubutun da a ganina bai kamata a miƙa wa na'ura ba ko da ta iya. Ta'aziyya, ban haƙuri, godiya ga wanda ya yi maka rana. Wata ƙawata da aka yi wa rasuwar miji ta nuna mini takardar ta'aziyya daga wurin aikinsa. Turanci ya tsaru, shafi guda cur, amma an yabe shi da halayen da za a iya faɗa a kan kowa, kuma an kuskure adadin shekarun da ya yi yana aiki. Ta ce da ni, "Da layi biyu suka rubuto da hannu, suka ce shi ne mai fara zuwa da safe, da ya fi mini." Na rasa abin da zan ce mata.

To 'yan uwa, lokaci ya ƙure mana. Tsohuwar layinmu ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta ga kwamfuta ba balle wannan sabon abu. Amma ƙa'idarta ita ce dai ta yau. A bar mai rubutu ya rubuta, mutum ne ko na'ura, sannan mai wasiƙa ya ce a karanta masa ya ji kafin a liƙe. Ki faɗa wa maigida, ki faɗa wa ɗanki da 'yarki da ke fita aiki: duk takardar da sunanka yake ƙasanta, maganarka ce, kai za a tambaya a nan, kai za a tambaya gobe kiyama.

Allah ya ba mazajenmu da 'ya'yanmu halal, ya tsare su daga jin kunya a wurin neman abinci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.