Asalin Wasan Ƙwallo da Abin da Ya Kamace Mu

Jawabin da aka karanta da izinin Malam Liman a taron ƙungiya, bayan sallar lisha.

  

Dalilin wannan jawabi shi ne ƙarar da iyaye suka yi ta kawo wa Malam a kan wasan ƙwallo. Wani ya ce ɗansa ya bar makarantar allo, wani ya ce nasa ya bar masa shago ba kowa, wani kuwa ya ce a tashi a haramta wasan ɗungum a cikin zango. Malam ya ce kada a yanke hukunci a kan abin da ba a san asalinsa ba. Saboda haka ya umurce mu mu bincika, ga kuwa abin da muka samo.

Buga tamaula da ƙafa tsohon abu ne, mutanen ƙasar Sin sun yi irinsa tun kimanin shekara dubu biyu da suka wuce. Amma wanda yaranmu ke yi yau daga Ingila ya fito. A da can ba shi da doka ko kaɗan. Gari guda ne ke fitowa ya kara da wani gari, a bi ƙwallo ta cikin kasuwa da gonaki, a karya ƙafafu, a fasa kayan mutane. A shekara ta 1314 aka yi shela a birnin Landan da sunan sarki aka hana shi. A 1363 wani sarkin ya sake hanawa, don ya ga samari sun bar koyon harbi da baka. To, jama'a, ku lura: sarakuna masu dakaru da kurkuku sun hana, wasan bai mutu ba.

Doka ce ta gyara shi. A shekara ta 1863 wakilan waɗansu ƙungiyoyi suka zauna a Landan suka rubuta ƙa'idodi. Suka hana gudu da ƙwallo a hannu, suka hana shurin ƙwabri. Waɗanda ba su yarda ba suka ware, suka kafa tasu ƙungiya ta wasan zari-ruga a 1871. Da masana'antu suka fara sallamar ma'aikata da tsakar ranar Asabar, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa tafiya, sai talakawa suka rungume shi. Har masu coci suka ga gara su jawo samari a jika da su bar su a titi. Aston Villa a 1874 da Everton a 1878 duk daga samarin coci suka faro. A 1904 aka kafa hukumar ƙwallo ta duniya a birnin Faris, a 1930 aka yi gasar kofin duniya ta fari a ƙasar Yurugwai.

Mu nan Gana, ma'aikatan jirgin ruwa da malaman makaranta suka kawo shi ta bakin teku. 'Yan makaranta suka kafa Excelsior a Cape Coast a 1903, aka kafa Hearts of Oak a Accra a 1911, Asante Kotoko kuwa a Kumasi a 1935. Ƙasar nan ta ci kofin Afirka a 1963, da 1965, da 1978, da 1982, 'ya'yan Musulmi kuma ba a bar su a baya ba. Wa bai san Baba Yara ba, wanda babban filin wasa na Kumasi ke ɗauke da sunansa? Amma ku tuna, samari, a 1963 yana tsakiyar ganiyarsa ya yi haɗarin mota a hanyar dawowa daga wasa, bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi ransa a 1969. Allah ya jiƙansa. Ƙafa ba jarin da za a dogara da shi kaɗai ba ne.

Game da addini kuwa, Malam ya tuna mana Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yarda da sukuwar dawaki da harbi da kokawa, har ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Kakanninmu ma sun yi kokawa da langa bayan kaka. Watau motsa jiki ba laifi ba ne. Laifin yana ga abin da ke biyo shi: barin salla, zage-zage, faɗa tsakanin unguwa da unguwa, da caca. Cacar nan da a da ake cika takardarta, yanzu ta shige cikin wayar hannu, tana cinye kuɗin da uwa ta tara da sayar da koko. Wannan haramun ce, babu ja a ciki.

Saboda haka ga shawararmu. Kada mu hana, mu sa doka. Na ɗaya, a yi wasa bayan la'asar, alƙalin wasa ya busa usur na tashi kafin kiran magariba. Na biyu, yaron da bai biya karatunsa ba, ko bai je wurin sana'arsa ba, ba ya shiga fili ran nan. Na uku, a sa wando mai rufe gwiwa. Na huɗu, wanda aka kama da caca ko zagin iyayen wani, a dakatar da shi. Na biyar, kowane mako dattijai biyu su zauna a bakin fili, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alhazai, muna roƙon gudunmawarku ta ƙwallo da riguna da butocin alwala. Wanda ya yi niyya ya kawo wa ma'aji ranar Juma'a bayan an sauko. Samari kuma ku zaɓo mutum uku su zo zauren Malam ranar Lahadi da hantsi, a ji ta bakinku.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu.