Lambar Mazajen Cikin Tanka



A shekarar 1921, bayan Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma yarjejeniyar Versailles ta haramta mata mallakar tankar yaƙi ko guda, ministan tsaronta, Otto Gessler, ya yi umarni a ƙera lamba domin tunawa da mazajen da suka yi yaƙi cikin tankokinta. Duk wanda ya ɗora ta a tafin hannunsa ya yi mata kallon tsanaki, zai ga tankar A7V tana ratsa fagen fama, harsasai na fashewa bisanta, ganyaye sun kewaye ta, a can ƙololuwa kuwa ga ƙoƙon kan mamaci, wanda a ganina shi ne mafi gaskiyar abin da maƙerin ya zana.

Ashirin kacal Jamus ta ƙera irin wannan tanka, alhali Ingila ta fito da ɗaruruwa a fagen yaƙin Cambrai tun 1917. Mutum goma sha takwas ake cusawa cikin kowace guda, cikin zafi da hayaƙi da ƙarar inji mai kurmantarwa, kuma sharaɗin samun lambar shi ne mutum ya halarci farmaki uku, ko kuwa ya fito da rauni a jikinsa.