Yaran Tenhiya da Ilimin Harsuna



A bakin rijiyoyin Tenhiya, can ƙasar Damargu, yaro makiyayi kan tashi da Tamajak a gida, ya gaisa da maƙwabta da Fulatanci, ranar kasuwa kuma ya yi ciniki da Hausa. Irin wannan yaro sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yake bukata, amma hanyar da za ta kai shi tana da tsawo. Iyaye na bin ciyawa da dabbobi, sakandare na nesa, 'yan mata kuwa su ake fara cirewa daga aji.

Abin na damuna. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. Wata doka ta 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda 10, har da Tasawak na Ingal da Buduma na bakin Tafkin Chadi. A 2025 Hausa kaɗai ta zama harshen ƙasa, mun yi murna. Nauyi ne kuma ya hau kanmu Hausawa: kada mu cika ɗakin bincike mu kaɗai.

Ku duba rubutun Tifinag. Matan Abzinawa ne suka riƙe shi, suna koya wa 'ya'yansu a kan yashi. 'Yar da ta gaji wannan ta cancanci ta rubuta kundin digiri da sunanta, maimakon ta tsaya tafinta ga baƙon manazarci.

Hukumomin ilimi na Damagaram su ware tallafin karatu da wurin kwana ga 'ya'yan makiyayan Tanut da Belbeji, tun daga sakandare.