YADDA AKE GANE WURIN DA YA DACE A KAI TSOHO JINYA

Wannan jawabi ne da aka shirya domin magidanta da matan aure na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo.



A ƙasar Hausa tsoho a gida yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki. Amma akwai lalurar da ke fin ƙarfin gida, kamar shanyewar ɓarin jiki, wadda yawanci hawan jini ke jawowa, ko karayar ƙugu idan tsoho ya faɗi. A irin wannan hali ne iyali daga Getso ko Kutama ko Garo kan ɗauki dattijo su nufi Babban Asibitin Gwarzo. Idan abin ya faskara a wuce Kano, zuwa Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka buɗe tun 1959. Bayan waɗannan, akwai asibitoci da gidajen jinya na kuɗi.

To, yaya iyali za su gane wurin da ake kula da mutum tsakani da Allah? Mutane da yawa kan duba girman gini da kyan fenti, wasu kuma su bi abin da suka ji a kasuwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Jikin majinyacin shi ne babban shaida. Ga abubuwa 6 da ya kamata a lura da su.

Na ɗaya, a duba bayansa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa yana bukatar a juya shi kamar bayan kowace awa 2, dare da rana. In ba haka ba, fatar ƙugu da ɗuwawu da dunduniya za ta yi ja, daga nan ta zama gyambon kwanciya, wanda yakan ci har ƙashi, yakan kuma yi kisa. A ɗaga riga a gani, kada a ji kunya.

Na biyu, a saurari hanci. Ɗakin da zarnin fitsari ya kama alama ce ta ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen zani. A taɓa shimfiɗa a ji ko busasshiya ce.

Na uku, a tsaya a ga yadda ake ba shi abinci. Mai shanyewar jiki yakan sha wuyar haɗiya. Dole a zaunar da shi a miƙe, a ba shi kunu mai kauri kaɗan-kaɗan. Idan aka ɗura masa yana kwance, abinci kan bi hanyar iska ya shiga huhu ya jawo ciwon nimoniya. A kuma lura da ruwan sha, domin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa ko da cikin zafin bazara.

Na huɗu, a tambaya ko akwai ma'aikacin gashi, wato mai motsa gaɓoɓi, da kuma sau nawa yake zuwa a mako. Yawancin sauƙin da mai shanyewar jiki ke samu yana zuwa ne cikin watanni 3 zuwa 6 na farko. Hannun da aka bari ba motsi yakan ƙage, ya ƙi miƙewa har abada. Wurin da ake ba da ƙwayoyi kawai, ba a koya wa mutum zama da tsayuwa da takawa, ya yi rabin aiki ne.

Na biyar, a nemi ganin kati. A wurin kirki ana rubuta awon jini da maganin da aka bayar da lokacinsa. Awon da yake kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, hawan jini ne. Ya kamata wanda ya iya karatu a gidan ya tanadi ɗan littafi yana kwafewa, domin ranar da za a koma ganin likita.

Na shida, a lura da mutunci. Ana gaishe shi da Baba ko Inna? Ana sa labule idan za a yi masa wanka? Ana taimaka masa ya yi alwala ko taimama? Labarin zuciya a tambayi fuska. Tsohon da ke firgita idan ma'aikaci ya matso, akwai dalili.

Yana da kyau a kai ziyara ba tare da sanarwa ba, wani lokaci da daddare, domin a lokacin ne ma'aikata suka fi ƙaranci. A kuma tambayi kuɗin gado da na magani da na gashi tun kafin a kwantar, kada a sayar da hatsin shekara sannan jinya ta tsaya a tsakiya.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi tun 1990. Duk da haka, yawancin jinya a ƙauyukanmu tana kan mata da 'ya'ya ne. Saboda haka waɗannan abubuwa 6 su ne ma'aunin ɗakin gida ma bayan an sallamo mutum. Kada a bar wa suruka ɗaya ko 'ya ɗaya wannan nauyi. 'Yan'uwa maza da mata su raba kwana, wanda ke birni ya aiko da kuɗin magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.